Commodore, Spectrum Ko BBC: Wacce Ta Dace Da Mutumin Kauru A Wancan Zamani?

Akwai wata gardama da ta shekara arba'in ba ta mutu ba a ƙasar Ingila, watau wacce ce ta fi a cikin ƙananan na'urorin kwamfuta da suka shiga gidajen jama'a a shekarun 1980. Waɗanda suka faro ta suna 'yan makaranta yau sun yi furfura, amma har yanzu kowa yana kan bakansa. Sai dai ma'aunin da suke aunawa da shi na ƙasarsu ne, inda wutar lantarki ba ta ƙiftawa, kantin gyara kuma yana bayan gida. Idan aka ɗora waɗannan na'urori a kan ma'aunin malamin makaranta a Kauru, ko ma'aikacin jirgin ƙasa a Kafanchan, sakamakon zai iya fitowa daban.

Da farko ya kamata mai karatu na yau ya san kamanninsu. Yawancinsu ba su da gilashin kallo na kansu. Akwati ne ɗan madaidaici mai madannai irin na tafireta, a jona shi da talabijin ɗin gida, a kuma jona shi da rakoda, domin a cikin kaset ake adana wasanni da sauran ayyuka, irin kaset ɗin nan dai da ake sauraren Mamman Shata a cikinsa. Da an kunna na'urar sai ta tsaya tana jiran umurni cikin wani harshe da ake kira BASIC. In ba a rubuta mata kome ba, ita ma ba za ta yi kome ba.

Wadda ta fi kowacce araha ita ce ZX Spectrum, wadda kamfanin Sir Clive Sinclair ya fitar a watan Afrilu na 1982. Mai ƙwaƙwalwar ajiya kilobait 16 fam 125 ce, mai kilobait 48 kuwa fam 175. Kilobait 48 bai wuce wurin haruffa dubu 49 ba, hoto ɗaya da ake ɗauka da wayar hannu a yau ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar Spectrum gomomi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, haka kuwa aka gani. Madannanta na roba ne masu laushi, sautinta ɗan tsiwa ne guda ɗaya mai fitowa daga cikin akwatin, kuma an rarraba fuskar talabijin gida-gida, kowane gida ba ya ɗaukar launi fiye da biyu. Saboda haka idan ɗan wasa mai launin ja ya gitta ta gaban bango shuɗi, sai launukan su hau kan juna kamar an yi ɓarin shuni.

Babbar kishiyarta daga Amurka ta fito, watau Commodore 64, a watan Agusta na wannan shekarar, a kan dala 595. Injin lissafinta, mai bugawa kusan sau miliyan ɗaya a daƙiƙa, bai kai na Spectrum yawan bugu ba, wanda yake yin miliyan uku da rabi, amma an ba shi mataimaka biyu. Ɗaya yana kula da hoto, launi 16 da siffofi takwas masu yawo a fuskar talabijin ba tare da sun ɓata abin da ke bayansu ba. Ɗayan kuma, mai suna SID, yana fitar da murya uku a lokaci guda, har yau akwai makaɗa masu neman sa. Shugaban kamfanin, Jack Tramiel, yana da masana'antarsa ta ƙera waɗannan 'yan sassa, don haka ya yi ta karya farashi har na'urar ta sauko wajen dala 200 a cikin 1983, ya durƙusar da abokan hamayya da dama. An ƙiyasta cewa an sayar da tsakanin miliyan 12 da rabi zuwa miliyan 17, alhali Spectrum ta tsaya a wajen miliyan biyar.

Ta uku ita ce BBC Micro, wadda kamfanin Acorn ya ƙera wa gidan rediyo da talabijin na BBC a ƙarshen 1981, domin wani shiri na koya wa jama'a aiki da kwamfuta. Babbar, mai kilobait 32, ta fara a fam 335, ba a jima ba ta koma fam 399. Ta fi sauran ƙwari da kyawun madannai, harshenta na BASIC kuma ya fi na kowa tsari. Tsadarta ta hana ta shiga gidajen talakawa, amma gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyin biyan rabin kuɗin na'ura ga makarantu, sai ta zama ita ce ta aji. Daga baya, a 1984, Alan Sugar ya kawo Amstrad CPC 464, wadda ta zo da gilashinta da wurin sa kaset a jikinta, kimanin fam 250 mai koren hoto, kimanin fam 350 mai launi.

To, a takarda dai Commodore ce ta yi zarra, ba a ja. Bari a sauke kayan a Kafanchan a gani.

A 1982 Naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, fam ɗaya kuma bai wuce Naira ɗaya da kwabo ashirin ba a farashin gwamnati. Albashi mafi ƙaranci, kamar yadda dokar 1981 ta zamanin Shugaba Shehu Shagari ta tsayar, Naira 125 ne a wata. Ke nan babbar Spectrum ta kama kimanin Naira 200, ƙasa da albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci. Commodore ta kama wajen Naira 400, BBC kuwa wajen Naira 470, kusan albashin wata huɗu. Wannan lissafi bai haɗa da kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ba, kuma a wannan watan na Afrilu da Spectrum ta fito ne gwamnati ta kafa dokar tsuke bakin aljihu saboda faɗuwar kuɗin man fetur, aka ƙuntata shigo da kaya. Duk da haka ba abu ne da ya gagari babban malami ko ɗalibin da ya dawo daga karatu a Ingila ba.

Bayan kuɗi sai wuta da talabijin, a nan ne kuma Commodore ta fara tuntuɓe. Wadda aka sayo a Amurka an yi ta ne don wuta mai ƙarfin 110 da tsarin talabijin na NTSC, alhali Nijeriya tana kan wuta mai ƙarfin 230 ko fiye da tsarin PAL irin na Ingila. Sai mutum ya nemo wadda aka yi wa Turai, ita kuma ta fi tsada. Bugu da ƙari ba ta karɓar kowace rakoda sai tata ta musamman, wadda ake saye daban. Spectrum kuwa rakodar da ke kan tebur ta ishe ta, in dai tana da kafar jona waya. Kafanchan ta yi sa'a ta wannan fuska, domin tana samun wuta daga kamfanin NESCO mai madatsar ruwa a Kurra Falls, ga kuma Jos a kusa, inda aka fara watsa talabijin mai launi a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1970. Ƙauyukan ƙasar Kauru fa, irin na Chawai da Kumana? Mafi yawansu a lokacin fitilar ƙwai ce da aci-balbal, zancen kwamfuta bai taso ba sai ga mai janareta.

Batun wutar ba ƙarami ba ne, saboda duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar waɗannan na'urori yana gushewa da zarar an ɗauke ta. Ɗora wasa ɗaya daga kaset yakan ci minti huɗu ko biyar, rakoda tana ta ƙara kamar kukan gyare, in kuwa murya ta yi sama ko ta yi ƙasa sai a sake daga fari. Wanda ya kwana yana rubuta umurni layi ɗari biyu bai adana a kaset ba, NEPA ta ɗauke wuta, ya yi aikin banza ke nan. A nan Commodore ta ɗan rama, domin tana karɓar wasu wasanni a cikin ƙaramin akwati da ake cusawa a bayanta, su tashi nan take. Amstrad kuma ta kawar da rigimar da ake yi a gida mai talabijin ɗaya, tsakanin yaro mai son wasa da maigida mai jiran labaran ƙarfe tara, sai dai nauyin gilashinta ya sa ba kaya ne da ake cusawa a jakar tafiya ba. Spectrum kuwa ba ta fi littafi girma ba.

Wajen wasanni kowa da gwaninsa. A Commodore aka fi samun masu kyan hoto da kiɗa, irin su Impossible Mission na 1984 da The Last Ninja na 1987, da kuma wasan ƙwallon ƙafa na International Soccer. BBC ba ta da yawa, amma ita ta haifi Elite a 1984, wanda wasu ɗalibai biyu na jami'ar Cambridge, David Braben da Ian Bell, suka rubuta, suka cusa duniyoyi fiye da dubu biyu a cikin ƙwaƙwalwar da ba ta kai ta Spectrum ba. Mai wasa fatake ne a sararin samaniya, ya saro kaya a nan ya kai can, ya yi hankali da 'yan fashi a hanya, sana'ar da ɗan Kano ba ya bukatar a yi masa bayaninta. Spectrum kuwa da yawa ta yi rinjaye, dubban wasanni masu araha, da dama daga cikinsu samari ne suka rubuta a ɗakin kwanansu. Matthew Smith bai kai shekara ashirin ba ya rubuta Manic Miner a 1983. Akwai kuma Football Manager na Kevin Toms, inda mai wasa yake zama kociya, yana saye da sayar da 'yan wasa. Da yake da BASIC aka rubuta shi, yaro mai wayo yana iya sauya sunayen ƙungiyoyi ya sa Mighty Jets ta Jos ko Ranchers Bees ta Kaduna.

Wannan shi ne wurin da ya fi dacewa a tsaya, domin a nan amfanin na'urorin yake. Babu ɗaya daga cikinsu da ta san haruffan ƙ da ɗ da ɓ. Amma Spectrum ta ware gurbi 21 inda mai ita zai zana harafin da ya ga dama, ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance, da 'yan layukan umurni kaɗan. Ɗan sakandare zai iya koya mata Hausa a yini ɗaya. BBC ma tana da irin wannan sauƙi. Commodore, duk da kyawun hotonta da muryarta, harshen BASIC ɗinta ba shi da umurnin zane ko na kiɗa, sai mutum ya haddace lambobin lungunan ƙwaƙwalwarta yana cusa musu adadi ɗaya bayan ɗaya. Ta fi daɗin wasa, amma ta fi wuyar koyo. Ga wanda ke neman na'urar da za ta mai da ɗansa mai rubuta umurni, da kuɗin da bai fi ƙarfinsa ba, da rakodar da ke gidansa, Spectrum ce ta dace da mutumin Kauru, da robarta da ɓarin launinta duka.

Akwai wata ta biyar da 'yan gardamar Ingila ba su cika ambata ba. Kamfanin Al-Alamiah na Kuwait, mallakar Muhammad Al-Sharekh, ya ɗauki tsarin MSX na Japan ya mai da shi Larabci, ya sa masa suna Sakhr, aka sayar da shi a ƙasashen Larabawa har da Saudiyya. Madannanta suna ɗauke da haruffan Larabci da na boko, akwai kuma manhajar Alƙur'ani da darussan yara. Ga almajirin da ya saba da ajami, wannan ta fi sauran kusa da hannunsa. Abin da ta nuna shi ne mai kuɗi ɗaya da ya ƙudura niyya ya isa ya sa na'ura ta yi magana da harshen mutanensa.

Ƙofar ba ta daɗe a buɗe ba. A watan Satumba na 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe kasuwar musayar kuɗi ta SFEM a ƙarƙashin shirin SAP, dala ta koma wajen Naira huɗu. A wannan shekarar Sinclair ya sayar wa Amstrad sashen kwamfutarsa a kan fam miliyan biyar, aka fito da sabuwar Spectrum mai kilobait 128 da wurin kaset a jikinta a kan kimanin fam 150. Watau a Ingila ta ƙara kyau ta ƙara araha, a Nijeriya kuwa cikin 1987 kuɗinta ya doshi Naira 1,000, kusan albashin wata takwas, domin albashi mafi ƙaranci yana nan a Naira 125 har zuwa 1991. Sai a 1988, lokacin Farfesa Jibril Aminu yana Ministan Ilmi, Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu, aka fara da kwalejojin tarayya, shekara bakwai bayan Ingila ta fara biya wa makarantunta rabin kuɗi, kuma bayan Naira ta riga ta kwanta.

Kamfanin Commodore ya karye a 1994. Sinclair ya rasu a 2021, Al-Sharekh a 2024. Wadda ta fi su tsada da ƙarancin ciniki, BBC mai kimanin miliyan ɗaya da rabi, ita ta bar baya. A 1985 injiniyoyin Acorn, ƙarƙashin Sophie Wilson da Steve Furber, suka ƙera wani sabon injin lissafi mai cin wuta kaɗan, suka sa masa suna ARM, kuma a jikin BBC Micro aka fara gwada shi. Jikokinsa ne ke cikin kusan kowace wayar hannu da ake kai wa caji a kasuwar Kauru da tashar Kafanchan.