SABIS BAI SAN KAN IYAKA BA

Duk mai waya a Illela ya san wannan abin. Kana nufar ƙofar iyaka sai ka ga sunan kamfanin da ke fuskar wayarka ya canza, ta kama sabis ɗin Ƙonni alhali ƙafarka ba ta bar Nijeriya ba. Ba sihiri ba ne. Waya ƙarfen sabis take nema, wanda muryarsa ta fi ƙarfi a kunnenta. Ƙarfin nan kuwa raguwa yake yi gwargwadon nisa, gini da tudu su ƙara cinye shi. Masana na auna shi da ma'aunin dBm: a -70 magana garau, in ya gangara -110 sai "Alo? Alo? Ba na jinka." In na gida ya yi rauni, sai na maƙwabci ya karɓe.

To 'yan uwa, wai mahukunta ba su san da haka ba ne a watan Satumba 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, da sunan toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa? Ƙarfen Nijeriya kaɗai aka kashe, na Nijar yana nan a kunne. Duk wanda ke da layin Nijar a bakin iyaka ya ci gaba da wayarsa, kuma ɗan bindiga ba kuɗin layi ya rasa ba. Wanda aka yanke wa harshe shi ne talakan da zai kira a kawo masa ɗauki. A watan Oktoba na shekarar aka faɗa wa kasuwar Goronyo, aka kashe mutum sama da 40. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Ni kaina na taɓa hawa katanga cikin dare a ƙauyenmu, ina ɗaga waya sama don in kira mai mota, matar yayana na kan gwiwa. Da ƙyar ta shiga.

Tun 2001 wayar salula ta GSM ta shigo ƙasar nan. Dokar sadarwa ta 2003 kuma ta tanadi asusu na musamman, USPF, don kai sabis inda kamfanoni ba su hango riba ba. Ƙauyukan iyaka ai su ne irin wuraren. Don haka muna kira ga hukumar NCC ta turo ma'aikatanta su auna ƙarfin sabis ƙauye bayan ƙauye, daga Illela zuwa Gada da Sabon Birni, ta buga sakamakon kowa ya gani, sannan a kafa ƙarfe inda ya gaza.