Ɗan canji yana duba takardar kuɗi, mu me ya hana mu duba annabi?

Duk wanda ya taɓa kai kuɗi canji a nan Zongo ko can Jonquet ya san yadda ake yi. Ka miƙa wa ɗan canji takardar jika goma, ko da tare kuka sha shayi da safe, sai ya ɗaga ta ya duba a haske, ya murza ta da yatsa, sannan ya ƙirga maka naira. Ba ka fushi, don ka san ba raini ba ne, sana'a ce. Haka mai sayen ragon layya, sai ya buɗe bakin ragon ya ga haƙora, ya sa a zagaya da shi ya ga tafiyarsa. Mutumin Kwatano ko cajar waya ba ya saya a Dantokpa sai an gwada masa.

To amma mutumin nan dai, ranar Lahadi ya shiga coci, wani ya miƙe da makirifo ya ce Ubangiji ne ya aiko shi, shi ke nan. Kuɗinsa, aurensa, lafiyar ɗansa, duk sai ya kwashe ya damƙa, ba tambaya ko ɗaya. In ka ce masa ya dakata ya bincika, kai ne marar bangaskiya.

Ni Kirista ne, ina zaune a unguwar da galibin mutanenta Musulmi ne, da kiran sallar babban masallacin Zongo nake tashi da asuba. Maganata ta yau da 'yan'uwana Kirista nake, kodayake na san maƙwabtana za su karanta su ce ai su ma suna da irin nasu. Abin da nake so in faɗa guda ne: mu'ujiza ba shaida ba ce. Don mutum ya yi abin al'ajabi a gabanka, wannan bai nuna wanda ya aiko shi ba. Kuma ba ni na ƙirƙiro wannan ba, Littafi Mai Tsarki ne ya fara faɗa.

Bari mu fara da abin da ya faru a ƙasar nan, don gani ya kori ji. A shekarar 2009 aka kai wata budurwa, Vicentia Tadagbé Tchranvoukinni, wurin wani fada na Katolika mai suna Mathias Vigan a ƙauyen Banamè, cikin yankin Zagnanado, domin ya yi mata addu'ar fitar da aljanu. Ba a jima ba labari ya juya. Wadda aka kawo a yi wa addu'a ta zama ita ce mai wa'azi, ana kiranta Parfaite, daga baya Daagbo, har ta ce ita ce Allah a cikin jiki. Fadan da ya kamata ya gwada ruhun ya koma mabiyi, a 2012 ta naɗa shi paparoma da sunan Christophe XVIII. A farkon 2013 cocin Katolika ta yankin Abomey ta fitar da su duka biyun daga cikinta. Amma jama'a ba su daina tururuwa ba. Me ya ja su? Labarin warkarwa, da alkawarin raba su da mayu. Sai a watan Janairun 2017 aka wayi gari da labarin mabiyan ɗarikar su biyar sun mutu a wajen Adjarra, kusa da Porto-Novo, bayan sun kulle kansu a ɗaki suna addu'a da turare da garwashi, hayaƙi ya shaƙe su. Shugabannin ɗarikar sun ce ba su da hannu. Ko ma wa ya ba da umarnin, a cikin ɗakunan nan ba a samu wanda ya ji yana da ikon cewa a buɗe taga ba. Wannan shi ya fi damuna.

Ga kuma ICC Services, wanda har yau in ka ambace shi a cikin kasuwa sai wata ta share hawaye. Kamfani ne da ya riƙa karɓar ajiyar mutane da alkawarin ribar da babu bankin da zai iya bayarwa, kuɗinka ya ninka ya sake ninkawa cikin shekara. Ya rushe a 2010, zamanin Boni Yayi, ya tafi da kuɗin talakawa sama da sefa biliyan 100, har ministan cikin gida ya rasa kujerarsa. Sai a ƙarshen 2018 kotun CRIET ta Porto-Novo ta fara shari'ar, a 2019 ta ɗaure manyansu. Wani zai ce mene ne haɗin wannan da ruhaniya? Akwai. Manyan kamfanin an san su a cikin Christianisme Céleste, cocin masu fararen riguna da Samuel Oshoffa ya kafa a Porto-Novo a 1947, an kuma san su da kyauta. Ba laifin cocin nake gani ba, mabiyanta da yawa su ma an cuce su. Amma rigar tsoron Allah ita ta kwantar wa mutane da hankali. Sannan ga abin da ya fi muhimmanci: waɗanda suka fara zuba kuɗi an biya su. Da gaske an biya su. Matar da ta ga maƙwabciyarta ta karɓo riba ta sayi babur ba mafarki ta yi ba. Mu'ujizar ta tabbata a idonta, ita ce ma tarkon, don da kuɗin na baya ake biyan na gaba. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Yanzu ka buɗe Maimaitawar Shari'a sura 13. Musa bai ce a yi hattara da annabin da alamarsa ta kasa cika kaɗai ba, wannan yana sura 18. A sura 13 maganar annabin da alamarsa ta cika ake yi. Ya faɗi abu, ya faru, amma yana jan mutane zuwa ga wani abin bauta dabam. Umarnin shi ne kada a saurare shi. Ka ga ke nan tun can an raba tsakanin iko da gaskiya. Masu sihirin Fir'auna ma ai sun mai da sandunansu macizai. Yesu kansa, a Matiyu sura 7, ya yi maganar waɗanda za su zo ranar ƙarshe suna lissafa annabcin da suka yi da aljanun da suka fitar da sunansa, shi kuwa ya ce bai san su ba. A wannan surar ce ya ba da ma'aunin da kowa ya haddace amma ba a cika amfani da shi ba, wato a duba 'ya'yan da itacen ke bayarwa. 'Ya'yan itace kuwa ba a ganinsu a daren farkawa guda. Sai an jira kaka.

Labarin da na fi so a kan wannan shi ne na Irmiya da Hananiya, a Irmiya sura 28. Urushalima tana cikin tsoron Babila. Irmiya yana yawo da karkiyar itace a wuya yana cewa wahalar za ta daɗe. Hananiya ya tashi a Haikali, a gaban firistoci da jama'a, ya ce cikin shekara 2 komai zai dawo daidai, ya fizge karkiyar ya karya. Ka yi tunanin kana wurin. Wa za ka bi? Dukansu sun ce da sunan Ubangiji suke magana. Ɗaya yana faɗin abin da zuciyarka take so, yana da ƙarfin hali, yana da abin nunawa. Abin mamaki, Irmiya bai yi ihu ba. Ya ce amin, Allah ya sa, amma annabin da ya yi albishir ɗin zaman lafiya sai maganarsa ta cika ake sanin aiko shi aka yi. Ya kama hanyarsa ya tafi. Sai daga baya ya dawo da amsa, Hananiya kuwa bai ga ƙarshen shekarar ba. Annabi sukutum ya yarda ya jira kafin ya yanke hukunci, mu kuwa ana ce mana in ba mu shuka iri a daren nan ba albarkar ta wuce.

Wannan gaggawar ita ce alamar da na koyi tsoro. Wata 'yar'uwa da muke coci ɗaya, mai sayar da atamfa a Missèbo, ta taɓa zuwa wurina cikin ruɗu. Ɗanta ya daɗe yana ciwo, wani mai addu'a ya ce mata ya ga abin da ke damunsa, ta kawo jarinta ta ɗora a bagade kafin kwana 3, kada kuma ta gaya wa mijinta don zai ɓata aikin. Na ce, "Yaya, abu biyu kawai zan tambaye ki. Me ya sa sai cikin kwana 3? Me ya sa kuma maigida ba zai ji ba?" Ta yi shiru. Ban ce mata mutumin maƙaryaci ne ba, don ban san zuciyarsa ba. Na dai tuna mata cewa Elisha ya warkar da Na'aman ya ƙi karɓar ko anini, Gehazi da ya bi bayan kyautar kuturta ya samu, Bitrus kuma ya tsawata wa Siman na Samariya da ya zaci baiwar Allah abin saye ce. Ignatius na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit a ƙarni na 16, ya bar ƙa'idodin rarrabe ruhohi da har yau ake koyarwa, ɗaya daga ciki ita ce kada mutum ya sauya babbar shawara a lokacin da ransa ke cikin duhu. Mai cuta ya san wannan sarai, shi ya sa a lokacin duhun yake zuwa.

Sai dai akwai wata ɓarna da ta fi wannan, kuma ita ce ta sa kalmar kanta ta lalace. A yau in ka ji an ce wane yana da baiwar rarrabe ruhohi, abin da ake nufi shi ne yana iya gano maye. Ya dubi taro ya ce surukarki ce ta ɗaure miki mahaifa, kishiyar uwarka ce ta rufe maka hanya. Gida nawa wannan ya raba? A jihar Akwa Ibom ta Najeriya abin ya kai ana korar ƙananan yara kan titi da sunan mayu, har sai da jihar ta yi doka a kai a 2008. An juya madubin ke nan. A cikin wasiƙar Yohanna ta fari, sura 4, inda aka ce a gwada ruhohi, dalilin da aka bayar shi ne annabawan ƙarya sun yi yawa. Wato wanda ake gwadawa shi ne mai magana da sunan Allah, ba tsohuwar da ke zaune a ƙauye ba ta san ana yi ba. Kuma ba ga manyan fastoci aka rubuta wasiƙar ba, ga jama'ar ikilisiya ce. Bulus ma a 1 Korintiyawa sura 14 ya ce annabawa biyu ko uku su yi magana, sauran su auna abin da aka faɗa. Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni sura 17, Bulus da kansa ne ya yi musu wa'azi, suka koma suna binciken Littattafai kullum su ga ko haka ne, aka yaba musu. In an bincika Bulus bai ji haushi ba, wane ne wannan da za a ce shi ba a taɓa shi?

Na san abin da za a ce mini. Za a kawo ayar nan ta Zabura da ke hana taɓa shafaffu na Allah. Tambaya ba duka ba ce. Za a kuma ce irin wannan bincike yana kashe Ruhu, ya mai da coci kotu. Wannan kam akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. Na san mutanen da duk wanda ba ɗan ɗarikarsu ba annabin ƙarya ne a wurinsu, wannan ba rarrabewa ba ce, ƙyashi ne. Cocin da mishan suka kafa sun daɗe suna yi wa cocin da 'yan Afirka suka kafa kallon raini, ba kullum da hujja ba. Shi ya sa a 1 Tasalonikawa sura 5 Bulus ya haɗa biyun a wuri guda: kada a raina annabci, amma a gwada kome, a riƙe mai kyau. Ɗan canjin da ya ce duk takarda jabu ce ba zai ci abinci ba, kamar yadda wanda ke karɓar kowace takarda zai rufe teburinsa cikin mako.

Kada kuma yawan jama'a ya ruɗe mu. Annabawa kusan 400 ne suka gaya wa sarki Ahab ya tafi yaƙi zai ci nasara, Mikaiya shi kaɗai ya saɓa, aka mare shi aka jefa shi kurkuku, Ahab kuwa gawarsa aka dawo da ita. A Kanungu ta Yuganda a shekarar 2000, mutane sama da 700 suka hallaka a hannun wata ƙungiya mai jiran ƙarshen duniya. A dajin Shakahola na Kenya a 2023 an tono gawa fiye da 400 na mabiyan Paul Mackenzie, da aka ce su yi azumi har mutuwa su sadu da Yesu. Maƙwabtana Musulmi kuwa ba sai na tuna musu Maitatsine da Kano ta Disambar 1980 ba. A ko'ina salon ɗaya ne: a raba ka da danginka, a hana ka tambaya, a sa maka wa'adi.

Inda nake ganin laifinmu mu shugabanni da iyaye shi ne ba mu koyar da wannan. Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932, yau ma yana cikin wayar kowa, amma yaro zai tashi a coci shekara 20 bai taɓa jin an karanta Irmiya 28 ba. Ayoyin albarka yake ji, da na buɗi. Mun koya masa yadda ake cewa amin, ba mu koya masa yadda ake cewa "Fasto, a ina aka rubuta?" cikin ladabi ba. Fasto na gari ba ya tsoron wannan tambayar, ya kan ma ji daɗi ya buɗe maka wurin. Ya kan yarda dattawan ikilisiya su ga littafin kuɗi. In ka zo da zazzaɓi ya yi maka addu'a, ya kuma ce ka je a auna jininka.

Ita dai mai atamfar a daren ta gaya wa mijinta. Washegari suka hau zem suka kai yaron asibiti, mu kuma muka ci gaba da addu'a a coci kamar yadda muka saba. Mai addu'ar ya kira ta sau biyu yana tuna mata wa'adi. Da ta ce masa maigidanta yana so su zo tare su gan shi, bai sake kira ba.