Ruwan Haɗeja Ba Baƙo Ba Ne



Duk shekarar da kogi ya tumbatsa ya shiga Auyo ko Kafin Hausa ko Guri, magana ɗaya ce ke yawo a bakin masu ba da labari, wai ruwan ya zo ba zato ba tsammani. Mu da muka tashi a ƙasar Haɗeja wannan magana takaici take ba mu. Ruwan da ya zo a 2001, ya dawo a 2010, ya sake dawowa a 2012 da 2018 da 2020 da 2022, kuma kusan kullum tsakanin ƙarshen Agusta da watan Satumba, ta ina ya zama ba zato? Baƙon da ya san hanyar ɗakinka, ya san ranar zuwansa, ai ya wuce baƙo. Ra'ayinmu shi ne ambaliyar wannan yanki tana da tarihi sananne da dalilai sanannu, kuma babban abin da ke cutar da mu shi ne yadda muke binne wannan tarihi da zarar ruwa ya janye.

Bari mu fara da kogin kansa, domin da yawa daga cikinmu mun san shi a bakin gada kawai. Kogin Haɗeja haɗuwar koguna biyu ne, Kogin Kano da Kogin Calawa. Bayan sun haɗu sai ya bi ta Wudil, ya shiga Jigawa ta ƙasar Ringim, ya gangaro Haɗeja, daga nan ya watsu cikin fadamun Haɗeja da Nguru. Can gaba yake gamuwa da Kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Ƙasar da yake ratsawa daga Haɗeja zuwa gabas shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, ruwa ba ya gudu a cikinta, rarrafe yake yi. Idan ya yi yawa ba shi da kwarin da zai faɗa, sai ya bazu hagu da dama. Ƙananan hukumomi takwas ne a masarautar Haɗeja: Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kirikasamma, kuma mafi yawansu rayuwarsu a ɗaure take da wannan ruwa.

Kakanninmu ba su ɗauki cikar kogi a matsayin masifa ba. Da ita ake noman shinkafar fadama, da ita masunta ke cika kwale-kwale, idan ta janye a shuka a kan danshin da ta bari, Fulani kuma su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa cikin rani. Shekarar da kogi bai cika ba ita ce shekarar kuka. An ga haka a farin farkon shekarun 1970, an sake gani a 1983 da 1984. Saboda haka haɗarin da ke kan wannan ƙasa kala biyu ne, ruwa ya yi yawa ko ya yi ƙaranci, duk wanda ya shirya wa ɗaya ya manta da ɗaya bai gama shiri ba.

Abin da ya sauya halin kogin shi ne madatsun ruwa. An kammala Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala ta Calawa a ƙasar Karaye a 1992. Ba mu ce aikin banza ba ne. Ruwan shan birnin Kano da noman rani na Kadawa da Kura duk daga can suke, tumatir da shinkafar da muke ci shaida ne. Amma kafin madatsun, kogin yana da lokacin fushi da lokacin barci. Da damina ya zo da ƙarfi ya share hanyarsa, ya kwashe yashi da laka, da rani ya ƙafe har a taka shi da ƙafa. Bayan madatsun sai ya koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan danshi marar yankewa shi ne abin da kacala ke so. Ciyawar ta mamaye hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, magudanan da ke kai ruwa gabas suka toshe, wasu gonaki suka nutse dindindin yayin da wasu garuruwan can ƙasa ke neman ruwan ba su samu ba. A cikin kacalar nan ne kuma tsuntsayen jan baki ke kwana, da safe su fito su cinye gero da shinkafar da ruwa ya rage. Manomin Guri ko Kirikasamma zai ba ku wannan bayani ba tare da ya taɓa shiga aji ba.

A nan muke da saɓani da wasu 'yan uwanmu. Da zarar ruwa ya shigo, maganar da ake yi a majalisa ita ce an buɗe Tiga. A 2010 wannan zargi ya kai har bakin jami'an gwamnatin Jigawa, hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are kuma ta musanta, ta ce madatsun cika suka yi suka tumbatsa ta mafitar da aka gina musu. Ko ma wane ne da gaskiya a wancan karon, ɗora wa Tiga laifin duka yana da daɗi a baki ne domin yana wanke kowa. Ba Tiga ce ta yanka filaye a kan hanyar ruwa ta sayar ba. Ba ita ce ta cike kududdufan cikin gari da shara aka yi gini a kansu ba, alhali waɗannan kududdufai su ne randar da ruwan sama ke taruwa a ciki tun zamanin da ake haƙa ƙasar gini. Gidaje da yawa da ke faɗuwa ma kogi bai kai gare su ba, mamakon ruwa ne na kwana da kwanaki ke jiƙa ginin ƙasa har katanga ta zauna a kan masu barci. (Af, masu tura saƙon WhatsApp cewa Kamaru ta saki ruwa mu gudu, a taimaka a duba taswira. Ruwan madatsar Lagdo Kogin Binuwai yake bi, ta Adamawa da Taraba zuwa Lakwaja. Ba shi da hanyar zuwa Haɗeja.)

Shekarar 2022 ba ta da nisa da za a ce mun manta. A faɗin Najeriya gwamnatin tarayya ta ce sama da mutum 600 suka rasu, sama da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, Jigawa kuma tana cikin jihohin da abin ya fi shafa, an rasa rayuka sama da ɗari. Hanyoyi suka yanke, makarantun firamare suka zama masauki, matasan Haɗeja suka kwana suna cika buhuna da yashi suna ƙarfafa jinga domin kada ruwa ya ci gari. Wannan aikin gayya abin alfahari ne, Allah ya saka musu. Sai dai akwai tambayar da ba ma son yi: me ya sa jingar da aka san da ita ake tsira sai ruwa ya iso wuya ake tuna ta? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Watannin Maris da Afrilu, lokacin da ƙasa ta bushe, mota za ta iya kai ƙasa ko'ina, su ne lokacin gyaran jinga da sare kacala da yashe magudana. A lokacin kuwa babu mai maganar ruwa, ana ta zafi da siyasa.

Gargaɗi ma ba rasa shi ake yi ba. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya kafin ruwa ya sauka. Ana karanta su a Abuja da Turanci, jaridu su buga, shi ke nan. Tsakanin wannan takarda da mai unguwar ƙauyen da ke bakin kogi akwai tafiya mai nisa da babu wanda ya ɗauki nauyinta. Ruwan da ya wuce gadar Wudil yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso Haɗeja. Waɗannan kwanaki dukiya ce. Sun isa a kwashe hatsi daga rumbu, a kora dabbobi kan tudu, a fitar da tsofaffi da masu jego. Abin da ake bukata mutum ne a sakatariyar ƙaramar hukuma wanda aikinsa ke nan, ya karɓi labari ya isar ga hakimai da dagatai da limamai da gidan rediyo, da Hausar da kowa zai gane.

Wani zai ce ai ƙaddara ce. Mun yarda, babu mai ja da ikon Allah. Amma wanda ya ɗaure akuyarsa a kan tudu shi ma ƙaddarar yake jira, bambancinsa da ɗan uwansa ya yi abin da ke hannunsa. Abin da ya faru a Maiduguri cikin Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare ruwa ya mamaye gari, da abin da ya faru a Mokwa a watan Mayun 2025, sun isa su sa mu shafa wa gemunmu ruwa. Kuma kada mu ce ɓallewar madatsa labarin wasu ne. A nan Kano madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agustan 1988. Matasa nawa ne a cikinmu suka taɓa jin wannan?

Wannan tambaya ce ta kawo mu kan abin da ya fi damun mu. Mutanen da can suna raɗa wa masifa suna domin kada ta ɓace. Yunwar 1914 sun kira ta Kakalaba, ta 1927 'Yan Buhu, ta 1942 'Yar Gusau. Tsohuwa ba ta san lissafin shekarun Bature ba, amma za ta ce maka an haife ta shekara biyu bayan 'Yar Gusau, kuma a cikin sunan akwai labarin inda aka je neman hatsi da wanda ya mutu a hanya. Mu da muke da boko da waya a hannu ba mu raɗa wa ambaliyar 2001 ko ta 2022 suna ba. Hotuna muka ɗora a Facebook, aka yi ta Allah ya kiyaye gaba, bayan mako biyu wani labari ya danne su. Ɗan Haɗeja zai ba ka labarin Sarki Buhari da na yaƙin Turawa na 1906 da shahadar Sarki Muhammadu kamar a gabansa aka yi, wannan kuwa abu ne mai kyau. Amma tambaye shi iya inda ruwa ya tsaya a unguwarsu a 2001, sai ya ce sai dai a tambayi manya. Manyan kuma tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya.

Illar rashin wannan tarihi a fili take. Mai sayen fili ba ya sanin cewa wurin da ake nuna masa cikin rani tafki ne da damina. Sabon shugaban ƙaramar hukuma yana hawa kujera ya fara daga farko kamar ba a taɓa yin ruwa ba. Masu rabon tallafi su zo da buhunan shinkafa da tabarmi da katifa, a ɗauki hoto, a rubuta sunaye, sunayen ma a yi rigima a kansu, baɗi a sake. Tallafi yana da amfaninsa ga wanda ya kwana a aji da 'ya'yansa, ba mu raina shi ba. Sai dai kuɗin katifar shekara uku da an zuba su a jinga ɗaya, wataƙila da masu karɓar katifar suna kwance a ɗakunansu.

Abin da muke so a gani a kowace ƙaramar hukuma ta bakin kogin nan kundi ne, ko da littafi ne mai bangon kwali. A rubuta shekarar da ruwa ya zo da ranar da ya shigo, ta wace kafa ya ɓullo, garuruwan da ya ci, inda jinga ta karye, tudun da mutane suka fake, cutar da ta biyo baya, ko amai da gudawa ko zazzaɓin cizon sauro, da kwana nawa ya yi kafin ya janye. A jikin katangar makaranta ko ta masallacin Juma'a a ja layi da fenti a rubuta shekara, yadda yaro mai wucewa zai ɗaga kai ya ga ruwa ya taɓa fin tsayinsa a nan. Wannan ba ya jiran kasafin kuɗi daga Dutse. Mu da muke riƙe da alƙalami a wannan zaure, da muke iya cika shafi ɗari a kan gidan attajirin da ba mu taɓa shiga ba, za mu iya zama da sarkin ruwa ko tsohon manomin fadama na yini guda mu rubuta abin da ya gani da sunayen magudanan da kacala ta cinye. A fara da masu shekara saba'in zuwa sama, domin su ne suka fi sanin kogin kafin a gina Tiga.