Sabara da kalgo: Sassaben da ke hana itace 'ya'ya

A kowace bazara, kafin saukar ruwan farko, manoma a yankunan Gwandu da Kalgo na jihar Kebbi kan sare sabara da kalgon da ke gonakinsu, su tara su ƙone. Bayan 'yan makonni kututturen ya sake tofo, abin da ya sa ake ganin saran ba ya cutar da komai.

To amma akwai asarar da ido ba ya gani nan take.

Itacen da ke rayuwa a ƙasa mai ƙarancin ruwa ba ya samun abinci mai yawa, kuma tilas ya raba shi tsakanin saiwa, da ganye, da fure. Saiwa ce ke cin kaso babba, domin ita ke bin danshi can ƙarƙashin ƙasa. Da zarar an sare shi, abin da ya adana a saiwar sai ya tafi ga sabon ganye, fure ya koma jira. Kalgon da ake sarewa duk shekara da wuya ya kai girman da zai yi 'ya'ya.

Makiyaya ke fara jin abin a jika, domin 'ya'yan kalgo abincin dabbobi ne da rani. Sannan in babu iri babu sabon tsiro. Ranar da tarakta ta tumɓuke tsohon kututture, babu mai maye gurbinsa.

Kuma rashin ba ƙarami ba ne. Wani bincike da aka gudanar a Senegal, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa saiwar sabara kan janyo ruwa daga ƙasa da dare, geron da ke kusa da ita ya sha.

A jihar Maradi ta Jamhuriyar Nijar, tun daga 1983 manoma suka fara abin da ake kira sassaben zamani: a bar wa kowane kututture 'yan rassa su girma, a sare sauran. Kebbi na cikin jihohi 11 da hukumar yaƙi da kwararowar hamada ta Great Green Wall, wadda Najeriya ta kafa a 2015, ke aiki a cikinsu, kuma ga alama wannan dabara ta fi dashen itatuwa araha, tunda saiwar na nan tun da daɗewa.

Sai dai manomi na da hujjarsa. Reshen da ya bari na iya zama masaukin tsuntsayen jan-baki, ko kuwa masu neman itacen girki su riga shi sarewa.