Bobby Allison, uban 'yan tsere

Bobby Allison, gwarzon tseren motoci na NASCAR a Amurka, ya rasu ranar 9 ga Nuwamba, 2024, yana da shekara 86. Masu ƙidaya za su kawo kambun NASCAR na 1983 da gasar Daytona 500 da ya lashe sau uku. Mu dai tseren Daytona 500 na Fabrairun 1988 ya fi tsaya mana a rai: uba na ɗaya, ɗansa Davey na biyu. Bayan wata huɗu ya yi mummunan haɗari a filin tsere na Pocono, raunin kai ya raba shi da tsere, har ya manta da waccan ranar farin ciki.

Ɗansa Clifford ya mutu a 1992 wajen gwajin mota a Michigan, Davey ya bi shi a 1993 a haɗarin helikwafta. Aurensa da Judy ya mutu, suka mayar a 2000. Duk da haka bai saki addininsa na Katolika ba.

NASCAR kuwa ta yi jan ƙafa: nasarar da ya samu a 1971 sai a Oktoban 2024 ta amince da ita, saura 'yan makonni ya rasu.