Wa Zai Auna Aikin Asibitin Karkara?

Masu iya magana kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan karin magana ya dace da halin da ake ciki game da ɗakunan shan magani a ƙasar Kankiya da Kusada, inda galibi akan auna nasarar aikin lafiya da yawan gine-gine da gadaje da hotunan ranar buɗewa. Shi kuwa majinyacin da aka yi ginin dominsa, da ƙyar ake tambayarsa yadda ya ji.

Tun a 1966 wani masani a Amurka, Avedis Donabedian, ya kasa ingancin aikin lafiya gida 3: kayan aiki, da yadda ake gudanar da aikin, da kuma sakamakon da aka samu. Na farkon shi ne mai sauƙin ƙidaya, shi ya sa hukumomi suka fi son sa. Amma gini ba ya warkar da kowa. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta kafa SERVICOM domin talaka ya san hakkinsa a ma'aikatun gwamnati, a 2014 kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin kiwon lafiya na matakin farko. To, kuɗin da aka ware da sunan talaka, lalle ne a ji ta bakinsa.

A ɗauki misalin mai juna biyu da ta taso daga wani ƙauyen Kusada a bayan babur. Ita ce kaɗai ta san tsawon lokacin da ta yi a kan benci. Ita ta san ko an yi mata bayanin shan magani da Hausar da ta fahimta, ko an sakaya ta lokacin awo, ko an ba ta maganin ko kuwa an tura ta kemis. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma; tsawa guda daga ma'aikaci tana iya sa ta haihu a gida, da duk haɗarin da ke tattare da haka. Babu rahoton ofis da zai nuna wannan.

Wasu za su ce majinyaci bai san likitanci ba, don haka ba zai iya hukunci ba. Gaskiya ne, akwai mai ganin idan ba a yi masa allura ba, ba a yi masa magani ba. Ingancin magani aikin masana ne. Amma jira da wulaƙanci da rashin bayani, babu wanda ya fi shi saninsu.

Akwatin ƙorafi ba zai wadatar ba, domin da yawa ba su rubutun boko, wasu kuma kunya ce za ta hana su. Abin da ya fi shi ne a bi mutane gida da kasuwa a tambaye su baki da baki, mata su tambayi mata. Ɗaliban Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya za su iya wannan aiki tare da kwamitocin raya mazaɓu, a kuma karanta sakamakon a gaban hakimai da shugabannin ƙananan hukumomin biyu. Tambaya ta ƙarshe ita ce ma'auni mafi girma: idan ciwo ya sāke tashi, nan za ki dawo?