WASIƘAR RIKOTO: Abin Da Ke Kashe Tsohuwar Mota A Hanya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan filin nan da ka saba ba ni. Yau maganata a kan tsofaffin motoci ta ke, irin su Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna cikin 1975, da tsararrakinta masu kafireta. Akawu ko malamin makaranta ya tara kuɗinsa ya sayi ta hannu, sai ta riƙa mutu masa tsakanin Zuru da Rijau, ko kan hanyar Mahuta. Ya sayi batir, ya sayi filogi, cuta na nan. Dalili kuwa, an ba da magani kafin a san ciwon.

Jama'a, abu uku inji ke bukata, watau mai, da iska, da wuta. In ɗaya ya yanke, mota ta tsaya. Sabo da haka abin fari shi ne a lura da irin mutuwar da ta yi.

In ta yi ta fizga tana shaƙewa, sa'an nan ta mutu a hankali, to galibi mai ne ba ya isa. A duba filta, da famfon mai, da kafireta. Man jarka na bakin hanya ya kan zo da ruwa ko datti, ruwa kuwa ya fi fetur nauyi, ƙasan tanki ya ke kwanciya, nan kuma famfo ke zuƙa. Da hunturu ƙura ta kan toshe matatar iska, mota ta yi ta baƙin hayaƙi.

Amma in ta ɗauke farat ɗaya, kamar an hure fitila, sai a tuhumi wuta. A fara da kan batir. In an ga farin gari ko kore ya taru, a kwance, a wanke da ruwan kanwa, a ɗaure tam. A bi wayar da ta haɗa batir da jikin mota, gama ta nan wuta ke komawa. In ta yi tsatsa ko ta saki, fitilu su dushe, inji ya mutu, alhali batir lafiya lau. Gargadar hanyoyinmu na duwatsu ita ke kwance irin waɗannan.

Sa'an nan a sa mai rewaya ya auna da mita. Cikakken batir, inji na kashe, ya kan nuna bolt 12.6. In an ta da inji, sai a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Idan awo bai ɗaga ba, altaneta ba ta caji, ko kuwa fambel ya saki. Nan ne mutane da yawa ke hasara: su sayi sabon batir, ya kai su kwana kaɗan, shi ma ya ƙare, su zagi mai kanti.

Akwai kuma wadda ke mutuwa in ta yi zafi, in ta huce ta tashi kamar ba ita ba. Wannan a dubi koyil da kondensa, ko kuwa bututun mai da ya kusanci zafin inji har mai ya koma tururi. Wadda ke ƙin tashi da damina kaɗai, bayan an ratsa ruwa, a buɗe murfin da wayoyin filogi ke fitowa, a share laimar da busasshen ƙyalle.

Abu biyu na ke roƙon makanikanmu su bari. Na ɗaya, cire kan batir inji na aiki, wai gwajin caji. Wannan ya kan ƙone altaneta, a motocin zamani har da kwamfutarsu. Na biyu, ɗaura waya ko takardar sigari a madadin fis. Fis mai gadi ne, an yi shi don ya ƙone ya ceci mota. In ya yi ta ƙonewa, wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe, ita za a nema. Wanda ya kori mai gadi, gobara ya kira.

Kada wani ya ce wannan aikin makaniki ne kaɗai. Mai motar da ya iya cewa, “Sai ta yi zafi ta ke mutuwa,” ya rage wa makaniki rabin aiki, ya rage wa aljihunsa rabin wahala. Kuma motar da ta mace da dare cikin daji, da mace mai naƙuda a ciki, ba kuɗi kaɗai ta ci ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A duba tun a gida.

Allah ya kiyashe mu da tsautsayin hanya, amin. Haza wassalam.

Naka,
Wakilinka na Rikoto, Zuru.